Tambayoyi da Amsoshi Kan Ciwon Huhun da Ke Biyo Bayan Dashe, da Binciken Ƙwayoyin Hanyar Iska

Aikina gwajin numfashi ne a nan Kano. Ina ba mutum bututu ya sa a baki, ya ja iska har ƙirji ya cika, ya busa iya ƙarfinsa, na'ura ta rubuta abin da ya fito. A 'yan shekarun nan na fara ganin wasu irin masu zuwa da ban saba gani ba a da: yara da matasan da aka kai Indiya ko Masar aka yi musu dashen ɓargo saboda sikila ko sankarar jini, sun dawo gida an yi murna an yi walima, bayan wasu watanni kuma haki ya fara. Tambayoyin da ke ƙasa daga bakin iyayensu da 'yan'uwansu na tattaro su, wasu kuma daga ɗaliban aikin lafiya da ke zuwa koyo a wurinmu.

Wane ciwo ne wannan, kuma wa yake kamawa?

Ciwo ne da ke toshe ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu da tabo, a hankali a hankali. Likitoci kan taƙaita sunansa su ce BOS. Mutane iri biyu ya fi kamawa. Na farko wanda aka dasa wa huhun wani. A wurinsa garkuwar jikinsa ce ke yaƙar baƙon huhun. Na biyu wanda aka dasa wa ɓargon wani. A wurinsa abin juyawa yake yi: sabon ɓargon ne ya zo da tasa garkuwar, ita ce take kallon jikin mai gida a matsayin baƙo ta afka masa. Wannan shi ake kira GVHD, kuma yakan taɓa fata da ido da baki da hanta da hanji, wani lokaci ya sauka a huhu. Hanyar ta bambanta, amma idan aka yanko huhun aka duba a madubin likita, ɓarnar kusan iri ɗaya ce.

Ai ba a dashen huhu a Kano. Me ya haɗa mu da wannan magana?

Gaskiya ne ba a yi. Abin da aka san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da shi shi ne dashen ƙoda, wanda ya fara tun 2002. Dashen huhu sai an fita, zuwa irin su Indiya ko Afirka ta Kudu ko Turai.

Ɓargon ne ya haɗa mu da ita. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila a duniya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gadonta, har ta kai ga Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Dashen ɓargo yana raba mutum da sikila, an kuma fara yin sa a ƙasar nan tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin, Legas ma ta fara a 2024. Masu hali da waɗanda dangi suka yi wa karo-karo suna fita da 'ya'yansu waje. Duk wanda ya dawo da ɓargon wani a jikinsa, a unguwarmu zai zauna, ƙurarmu zai shaƙa, kuma idan tari ya kama shi asibitinmu za a kawo shi. In ba mu san ciwon ba, asma ko tibi za mu kira shi.

Mahaifina ƙoda aka dasa masa. Shi ma yana cikin haɗari?

Wannan ciwon ba na masu dashen ƙoda ba ne. Abin tsoro a huhunsu shi ne ƙwayoyin cuta, musamman tibi, saboda magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki. Idan Baba ya fara tari ko zazzaɓi, a kai shi wurin likitocin da suka san da dashen, kada a tsaya kemis.

Yaya yawan masu kamuwa yake?

A dashen huhu abin ya yi yawa ƙwarai: kusan rabin waɗanda aka yi wa kan samu wannan lalacewa cikin shekara biyar, kuma ita ce babbar abin da ke rage musu kwana bayan sun tsallake shekarar farko. Tun da James Hardy ya yi dashen huhu na farko a jihar Misisifi ta Amurka a 1963, majinyacin ya rayu kwana 18 kacal, har zuwa lokacin da Joel Cooper ya samu nasarar da ta ɗore a Toronto a 1983, wahalar ita ce majinyaci ya tsallake makonnin farko bayan tiyata da rai. Da aka shawo kan wannan sai sabuwar matsala ta leƙo. A 1984 likitocin Jami'ar Stanford suka ba da rahoton toshewar ƙananan hanyoyin iska a jikin waɗanda suka dasa wa zuciya da huhu tare. A 1993 ƙungiyar masu dashen zuciya da huhu ta duniya ta tsara yadda za a gane ciwon da gwajin busa. Daga baya aka lura akwai wani nau'in da ke sandarar da naman huhun kansa ya hana shi buɗewa, wanda masu bincike a Toronto suka bayyana a 2011. Yanzu an haɗa su duka a ƙarƙashin suna ɗaya, CLAD.

A dashen ɓargo adadin bai kai haka ba. Wajen mutum biyar ko shida cikin ɗari ne, amma a cikin waɗanda GVHD mai daɗewa ta riga ta kama, yakan haura ɗaya cikin goma. Galibi a shekara biyun farko yake ɓullowa.

Me ake nufi da ƙwayoyin hanyar iska? Ina jin kalmar, ban gane ta ba.

Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san katangar ƙasa da yaɓenta. Tubali ne ke riƙe da ginin, amma yaɓen ne ke karɓar ruwan damina da ranar bazara. Hanyar iska ma haka take. Daga maƙogwaro take rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, har sau ashirin da wani abu kafin a kai ga 'yan jakunkunan da iska ke shiga jini. A can ƙasa faɗin hanya bai kai milimita 2 ba. Duk tsawon wannan tafiya akwai shafe na ƙwayoyin halitta a jikin bangon, siriri ƙwarai, shi ne ke gaba da gaba da duk abin da mutum ya shaƙa.

Ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu gashi, kowace da 'yan gasu wajen ɗari biyu a kanta, suna kaɗawa tare sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, suna turo majina da datti sama zuwa maƙogwaro. Su ne masu shara, ba sa hutu dare da rana. Akwai masu fitar da majinar da ƙura ke mannewa a jiki. Akwai na tushe, da ke kwance a ƙasan sauran, su ne iri: idan shafen ya ɗaye, su ke hayayyafa su maye gurbin abin da ya mutu. Sai kuma wasu masu kai kamar kulki da suka fi yawa a ƙananan hanyoyi, waɗanda ke fitar da wani sinadari mai kwantar da kumburi, su ma suna iya zama iri a wurin. A da da sunan wani Bajamushe ake kiran su, Max Clara, wanda ya bayyana su a 1937. Da aka tabbatar ɗan Nazi ne kuma da naman fursunonin da aka kashe ya yi aikinsa, sai manyan mujallun likitocin huhu suka ajiye sunan nasa daga 2013.

Har yanzu ma ana gano sababbi. A 2018 aka gano wata ƙwaya da ba ta da yawa, mai kula da shige da ficen gishiri a hanyar iska, wadda duk shekarun da aka yi ana leƙen madubi ba a tantance ta ba.

To me ya sa masu bincike suka koma kan waɗannan ƙwayoyin? Na ɗauka garkuwar jiki ce mai laifi.

Ita aka daɗe ana bi. Shekara da shekaru tunanin shi ne, tunda garkuwa ce ke kai hari, a ƙara maganin kwantar da ita. An ƙara, an canza, an haɗa biyu da uku, harin gaggawa ya ragu sosai, amma wannan toshewa ta sannu-sannu ba ta ja da baya yadda aka yi fata ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Dole aka koma aka tambaya: shi wanda ake dukan, me ke faruwa da shi?

Abin da aka fahimta shi ne ciwon labarin gyara ne da ya karkace. A huhun mai lafiya, mura ta ɗaye shafen, ƙwayoyin tushe su tashi su rufe wurin cikin kwanaki. A huhun mai dashe dukan ba ya yankewa. Yau garkuwa, gobe bairos, jibi ruwan ciki da ya tsallako cikin barci. Ƙwayoyin da aka jikkata kuma ba shiru suke yi ba, su da kansu suke fitar da sinadaran kiran ɗauki, sojojin jini su taru, kumburi ya ƙaru, wurin ya ƙara ɗayewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan iri ya gaza, ƙwayoyin da ke ƙarƙashin bangon masu saƙa tabo su ne ke cike gurbin, su yi ta saƙa har ramin hanyar ya ƙuntata ko ya rufe ruf.

Akwai shaidu da ke nuna haka. An daɗe da lura cewa sinadarin nan na ƙwayoyi masu kan kulki yana raguwa a ruwan da ake zubawa a huhun masu BOS a zuƙo don gwaji. Masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka sun nuna a 2018 cewa ƙwayoyin tushe da 'yan tafkunan majina na cikin bango suna ƙarewa a huhun da ciwon ya kama, a jikin mutane da kuma wata dabba mai kama da tunku da suke gwaji da ita. Akwai kuma wani abu na tiyata da ke ba ni tausayin waɗannan ƙwayoyi duk lokacin da na tuna: hanyoyin iska suna da nasu ƙananan jijiyoyin jini na musamman da ke ciyar da su, kuma a yawancin dashen huhu ba a sake haɗa su. Wato tun ranar farko a cikin ƙarancin abinci suke aikin.

Ta yaya ake samo ƙwayoyin daga mutum mai rai?

Da wani bututu mai laushi mai fitila da kyamara a baki, ana zura shi ta hanci ko baki bayan an kashe zafin wurin an ba mutum abin da zai kwantar da shi. Ta cikinsa ake tura ɗan ƙaramin buroshi a goga bangon hanya a hankali, ƙwayoyi su manne. Ana kuma zuba ruwan gishiri mai tsafta a wani sashe na huhun a zuƙo shi, ya fito da ƙwayoyi da sinadaran da ke wurin. Wani lokaci a ɗan tsinko nama kamar ƙwayar gero.

Wahalar ita ce ciwon ba ya bin ko'ina bai ɗaya. Wannan hanya ta toshe, ta kusa da ita lafiya lau, don haka ana iya tsinko nama a ga babu komai alhali ciwon na nan. Bututun ma ba ya isa can inda ɓarnar ta fi yawa. Huhun da aka cire gaba ɗaya, lokacin dashe na biyu ko bayan rasuwa, yana nuna komai, sai dai ƙarshen labari ne. Kamar wanda ya isa kasuwa bayan gobara ta lafa ne: zai ga toka da langa-langa a lanƙwashe, amma ba zai iya nuna rumfar da wutar ta fara ba. Shi ya sa cibiyoyin dashe suke tara samfuri daga majinyata tun suna lafiya, a wata na ɗaya, na uku, na shida, na sha biyu, su adana a cikin sanyi. Idan daga baya wani ya kamu, sai a koma a ɗauko nasa na baya a kwatanta da na wanda bai kamu ba.

Da gaske ne ana rainon su a ɗakin gwaji?

Da gaske ne, kuma wannan sashen ya fi burge ni. Ana ɗaukar ƙwayoyin tushen da buroshi ya kwaso, a shimfiɗa su a kan wata 'yar fata mai ƙananan huji a cikin ƙaramin kofi. Da farko ruwan abinci ya rufe su sama da ƙasa. Idan sun cika wurin, sai a zuƙe ruwan saman a bar su da iska, abinci na zuwa musu ta ƙasa kawai, kamar dai yadda suke a jiki. Cikin mako uku zuwa huɗu sai su rarrabu da kansu: wasu su fitar da gashi, wasu su fara yin majina. Wanda ya leƙa madubi zai ga gasun suna kaɗawa kamar gonar alkama a cikin iska, 'yan ƙurar da ke kan majinar suna zagayawa.

Daga nan sai gwaji. A ɗiga musu bairos ɗin mura, ko ruwan matsarmama irin wanda ke tasowa daga ciki, ko sinadaran da garkuwa ke fitarwa, a ga wanne ne ke huda shafen, wanne ke tsayar da gasun, wanne ke sa su fara aika saƙon saƙa tabo. A karce su da tsinke a auna kwana nawa za su yi kafin su rufe. A ɗora na mai BOS kusa da na mai lafiya. A gwada magani a kansu kafin a kai ga mutum. Akwai kuma hanyar da ake karanta saƙonnin gado na kowace ƙwaya ita kaɗai, dubbai a lokaci guda, a san wadda ta gaji, wadda ta rikiɗe, wadda ke ta ihun neman ɗauki. Da wannan hanyar aka gano ƙwayar gishirin da na ambata.

Ana amfani da ɓeraye ma. Tun wajen 1993 ake dasa maƙogwaron wani ɓera a ƙarƙashin fatar wani a ga yadda yake toshewa, daga baya aka iya dasa musu huhu sosai. Amma hanyoyin iskan ɓera ba irin na mutum ba ne sak, kuma an sha warkar da ɓera a zo kan mutum abin ya ƙi.

Me ake fatan samu daga duk wannan?

Abu biyu. Alamar da za ta tona ciwon tun kafin numfashi ya ragu, a jini ko a ruwan wankin huhu ko a hoto. Sai maganin da zai taimaki shafen ya gyaru, ko ya tsayar da masu saƙar tabo, ba tare da an ƙara danne garkuwar mutum ba. Akwai masu tunanin wata rana a raini ƙwayoyin tushen majinyacin a mayar masa da su, amma wannan yana matakin gwaji. Duk wanda ya ce muku yana sayar da irin wannan allura ta gyaran huhu yau, a Kano ko a waje, ku riƙe kuɗinku.

Me ya sa ba a gane ciwon da wuri?

Ku ɗauki lungunan cikin gari. Idan aka toshe lungu guda a Yakasai, mai wucewa zai bi na gaba, ba wanda zai ce an yi wani abu. A toshe goma, har yanzu ana wucewa. Sai an rufe da yawa sannan cunkoso zai bayyana a bakin titi. Ƙananan hanyoyin iska dubbai ne, mutum na iya rasa da yawa bai ji komai ba. Hoton ƙirji na yau da kullum kuma galibi fes yake fitowa. Ranar da haki ya bayyana, an riga an yi nisa, tabo kuwa ba ya komawa nama.

Ba na manta wata yarinya 'yar shekara goma sha uku da mahaifinta ya kawo mini. Wata goma sha ɗaya da dashen ɓargo, yayanta ne ya ba ta, sikila ta tafi, har ta yi ƙiba. Ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau, sai dai in ta hau benen Islamiyya sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango." Wata uku ke nan ana ba ta maganin tari da abin shaƙa na asma daga wani kemis, an yi gwajin kaki sau biyu babu tibi. Na lura tana yawan ƙifta ido, leɓenta a bushe, ta riƙe robar ruwa tana kurɓa kaɗan-kaɗan. Na ce, "'Yata, cika ƙirjinki, ki busa kamar za ki hura gawayi." Ta busa, iskar ta yi ta fitowa siririya, ta ƙi ƙarewa, fuskarta ta haɗa gumi. Na tambayi mahaifin ko an taɓa yi mata wannan gwajin. Ya buɗe jakar leda ya zaro takardun asibitin waje, a ciki har da sakamakon busar da ta yi kafin dashe, da shafin da aka rubuta a maimaita duk wata uku. Ba wanda ya fassara masa shafin. Da na kwatanta lambobin biyu sai na ga ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ya dube ni ya ce, "Ashe a hannuna take tun tuni." Ba laifinsa ba ne, haka na gaya masa, kuma har yau haka na yi imani.

Mene ne gwajin busa yake aunawa?

Babban abin dubawa shi ne yawan iskar da mutum ya iya fitarwa a daƙiƙar farko, ana kiransa FEV1. Ga mai dashen huhu, ana ɗaukar mafi kyawun lambobinsa biyu bayan tiyata a matsayin ma'auni. Idan ya sauka da kashi 20 cikin ɗari ko fiye, ya ƙi tashi har wata uku, kuma babu wani dalilin, an tabbatar da CLAD. Ga mai dashen ɓargo, da lambarsa ta kafin dashe ake kwatantawa, saukar kashi 10 ma abin a tsaya a bincika ne. Shi ya sa takardar farko take da daraja haka. Gwajin ba allura, ba jini, minti goma sha biyar ya isa, yaro ɗan shekara shida ma yakan iya in an lallaɓa shi. Ana son a yi shi duk wata uku a shekarar farko, a ci gaba a ta biyu, musamman ga wanda GVHD ta nuna a fata ko ido ko baki. In an ga sauka, sai a yi hoton siti na ƙirji har da wanda ake ɗauka bayan mutum ya fitar da numfashi, don a nan ake ganin iskar da ta maƙale.

Akwai magani?

Akwai abin da ke rage gudun ciwon ko ya tsayar da shi, wani ma numfashinsa ya ɗan ɗago in an kama da wuri. A dashen huhu ana gyara magungunan garkuwa, ana ba da azitromaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, wanda gwajin da aka yi a Luben ta Beljiyam a 2011 ya nuna amfaninsa, ana maganin ƙwannafi, akwai kuma hanyar da ake fitar da fararen ƙwayoyin jini a haska su da wani haske a mayar. In abin ya ƙi, dashe na biyu. A dashen ɓargo ana haɗa abin shaƙa mai fulutikason da azitromaisin da montelukas, tare da sitiroyid na ɗan lokaci, sannan a 2021 Amurka ta amince da ruksolitinib da belumosudil don GVHD mai daɗewa. Tsadarsu kuwa sai wanda ya tambaya.

Ina roƙon a ji wannan da kyau, domin azitromaisin a kowane kemis ana samun sa. A Faransa an gwada ba masu sankarar jini shi tun farkon dashen ɓargo don rigakafi, dole aka dakatar da gwajin saboda sankarar ta fi dawowa ga masu shan sa, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018. Ba maganin da za a saya wa mai dashe ba ne don an ji a wani wuri.

In likita ya ce tibi ce fa?

Tana iya zama tibi, a Kano ba abin mamaki ba ne, kuma dole a bincika ta. Amma a tabbatar da gwaji, kada a fara magani a kan zato. Rifamfisin da ke cikin maganin tibi yana sa hanta ta ƙone magungunan kwantar da garkuwa irin su takrolimus da saikulosforin da sauri, ƙarfinsu ya faɗi a jini, garkuwa ta farka. Wasu magungunan funfuna kuma akasin haka suke yi, su tara maganin har ya taɓa ƙoda. Duk likitan da zai rubuta wani abu, a fara nuna masa jerin magungunan dashe. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen gargajiya ma haka, ko da daga hannun kaka suka fito.

Ƙurar hunturu da hayaƙi suna da tasiri?

Duk abin da ke ƙara dukan shafen nan yana da tasiri. A Beljiyam an ga masu dashen huhu da ke zaune kusa da manyan tituna sun fi saurin kamuwa. To ina ga wanda gidansa ke bakin titin Katsina ko na Zariya, ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, ga janareta a zaure. A tsakar gida ma akwai nasu: murhun itace, maganin sauro mai hayaƙi, fiya-fiya, da turaren wuta. Na san Hajiya ba za ta so jin wannan na ƙarshen ba, amma a ɗakin da mai dashe ke kwana a haƙura da kasko. Gidan sauro ya wadatar. A sa takunkumi in za a shiga kasuwa ko taron biki, mai mura ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa, a nisanci shara mai ruɓa da ɗakin kaji da tattabaru da wurin da ake rushe tsohon gini, saboda funfuna. Mai ƙwannafi kada ya ci ya kwanta, a ɗaga gefen kan gadon.

Alluran rigakafi sai an sake su daga farko bayan dashen ɓargo, bisa tsarin da likitan dashe ya bayar, kuma waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai a cikinsu kamar ta ƙyanda ba a yi sai ya ba da izini. Maganar azumi da Umara ma a kai masa tun kafin lokaci, domin takrolimus da awa yake tafiya.

Muna shirin kai ɗanmu dashen ɓargo. Wannan ya isa mu fasa?

Ban rubuta wannan don a fasa ba. Na ga abin da sikila ke yi wa yara, na ga waɗanda dashe ya ba su rayuwar da ba su taɓa sani ba, kuma mafi yawansu huhunsu ƙalau. Haɗarin GVHD ya fi sauƙi idan yaron ƙarami ne kuma mai bayarwar ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya da suka dace sosai, wanda damar hakan ɗaya cikin huɗu ce ga kowane ɗan'uwa. Ɓargon da aka ɗebo daga ƙashin ƙugu ma ya fi sauƙin wannan matsala a kan ƙwayoyin da aka tace daga jinin hannu. Ku tambayi likitocin wanne za su yi amfani da shi da dalilinsu. Akwai kuma sabon maganin gyaran ƙwayoyin gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda da ƙwayoyin ɓargon yaron kansa ake yi, don haka babu GVHD, sai dai lokacin da ya fito kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu.

Me za mu tabbatar mun riƙo kafin mu baro asibitin waje?

Sakamakon busar da aka yi kafin dashe, takardar kanta mai lambobi da zane. Cikakken bayanin dashen: wa ya bayar, yaya dacewarsu, waɗanne magunguna aka yi amfani da su. Jerin magungunan da zai ci gaba da sha da ranar rage kowanne. Jadawalin rigakafi. Lambar da likitan Kano zai iya samun likitan can. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ku tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, domin takarda na jiƙewa, waya na ɓacewa. Kafin ku hau jirgi ku sa a zauna da ku a karanta muku shafin ƙarshe layi-layi, da tafinta in akwai buƙata. Kuna sauka, a makon farko, ku je sashen masu ciwon jini ku buɗe fayil, ku nemi a rubuta muku ranar busa ta gaba a bayan katin, ko da yaron yana ta guje-guje a tsakar gida.